Na sa katin hoto biyu, me ya sa renda ke tsayawa?

Wani ƙanena da ke zana wa mutane gidaje da manhajar Blender a nan Katsina ya tara kuɗi ya ƙara katin hoto RTX 3070 mai ma'adanar giga 8 a kan RTX 3060 ɗinsa mai giga 12. Katin hoto shi ne na'urar da ke yin renda a cikin kwamfuta, wato mayar da zane ya zama cikakken hoto. Kwana biyu sai ga shi rai a ɓace, aiki ya tsaya, wai wuri ya cika a ma'adanar katin. Ga yadda muka yi da shi.

Yaya, giga 12 da giga 8 ba 20 ba ke nan?

A'a, ƙanena. Kowane kati sai ya ɗauki aikin gaba ɗaya a cikin ma'adanarsa kafin ya fara lissafin haske. Kamar magina biyu ne a gini ɗaya: suna raba aiki, amma kowa da cikakken zanen gidan a hannunsa. Sauri ka ƙara, ba wuri ba. Ƙaramin katin ne ke yanka maka iyaka, wato giga 8. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a da kana da 12, yanzu ka koma 8 idan ka kunna su tare.

Babu hanyar haɗa su?

Akwai gadar NVLink da ke haɗa katuna biyu, amma sai katuna iri ɗaya masu wurin sa ta, kamar RTX 3090 guda biyu. Naka ba su da shi, kuma Nvidia, kamfanin da ke ƙera su, ta cire shi daga RTX 4090.

To me ke cinye wurin?

Yawanci hotunan da kake shafa wa bango da ƙasa. Hoto mai faɗi da tsawo 8192 yana iya cin mega 256, mai 4096 kuwa 64. Da na buɗe fayil ɗinsa, katangar da ke can bayan gida, wadda da ƙyar ake hango ta, an shafa mata babban. Mun shiga sashen Simplify na Blender muka rage girman hotunan.

Sai itatuwa. Dogonyaron da ya jera a bakin titi duk da Shift+D ya kwafe su, kowanne ya zama kaya mai zaman kansa. Da Alt+D, itace ɗaya ake ajiyewa a riƙa nuna shi wurare da yawa. Wannan kaɗai ya sauke nauyi sosai.

Idan ya cika duk da haka fa?

Cycles, injin renda na Blender, kan ari RAM, wato ma'adanar kwamfutar kanta, amma aiki zai ja ƙafa. Gara ka cire alamar ƙaramin katin a Preferences, ka bar mai 12 ya yi shi kaɗai. Ka tuna katin da ke riƙe da allo yana kashe wani kaso a kan allon, don haka rufe burauza, ko ka yi renda da umarnin blender -b ba tare da buɗe manhajar ba. Rubuta umarnin nvidia-smi ka ga abin da kowane kati ya ɗauka tun kafin ka tafi sallar isha'i ka bar shi yana aiki.