Sabuwar wutsiyar suna da ƙidayar mahaɗai: tambayoyi da amsoshi

Mutum ya sayi sunan shafi mai ƙarewa da .xyz, ko .app, ko .africa, ya yi watanni yana aiki, sai ya buɗe Ahrefs ko Moz, manhajojin da ke ƙirga mahaɗai (wato links da wasu shafuka ke yi zuwa naka) su ba shafi maki, ya ga makin shafinsa a ƙasa ƙwarai. Abu na farko da ke zuwa masa a rai shi ne wutsiyar sunan ce ta cuce shi. Sau da yawa ba ita ba ce, kuma yana damuna ganin mutane na watsar da suna mai kyau saboda wannan zato.

Mene ne sabuwar wutsiya?

Wutsiya ita ce abin da ke bayan ɗigon ƙarshe a sunan shafi. Da can kaɗan ne: .com, .org, .net da na ƙasashe kamar .ng. A 2012 hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta buɗe ƙofar neman sababbi, aka shigar da buƙatu kusan 1,930, na farko suka fara aiki a ƙarshen 2013. Yau sun haura dubu. Amma .io da .co da .tv na ƙasashe ne tun asali, ba sababbi ba, ko da yake Google na ɗaukarsu kamar na kowa da kowa.

Daga ina manhajojin ke samo bayanan mahaɗai?

Ba daga Google suke samu ba. Kowane kamfani yana da gizonsa, wato manhaja mai rarrafe a intanet, yana bin mahaɗi daga shafi zuwa shafi yana rubuta wa ya nuna wa. Na Ahrefs sunansa AhrefsBot, na Majestic MJ12bot, na Moz DotBot, na Semrush kuma SemrushBot. Abin da gizon bai taka ba, babu shi a rumbunsu. Shi ya sa za ka duba shafi ɗaya a manhajoji uku ka ga adadi uku mabambanta, kuma babu wanda ya yi maka ƙarya. Kowanne iya inda ya kai ya faɗa.

To a ina wutsiyar ke shigowa ke nan?

A wajen gane inda ainihin sunan ya fara. Manhaja ba ta tsayawa ga ƙirga mahaɗai kawai, tana ƙirga yawan shafuka daban-daban da suka nuna ka, domin mahaɗi ɗari daga gida ɗaya bai kai ɗari daga gidaje ɗari ba. Kafin ta yi haka sai ta san cewa a misali.com.ng, com.ng gaba ɗayansa wutsiya ce, ba shafin mutum ɗaya ba. Yawancin masu irin wannan aiki suna dogaro da wani jerin wutsiyoyi da Mozilla, masu manhajar Firefox, ta soma, mai suna Public Suffix List. Idan kwafin da ke cikin manhaja ya tsufa, tana iya ƙin karɓar sunanka ta ce ba daidai ba ne, ko ta yanka shi a inda bai kamata ba. Wannan ya fi faruwa a shekarun farko, kuma a yau ƙananan manhajojin kyauta da aka daina kula da su ne suka fi yin sa. Sunayen da aka rubuta da haruffan Larabci ko Sinanci kuwa, kana iya ganinsu a rahoto sun koma wasu haruffa masu farawa da xn--. Ba kuskure ba ne, haka kwamfuta ke adana su.

Shin Google na raina sababbin wutsiyoyi?

A'a. Tun Yulin 2015 Google ta bayyana cewa tana ɗaukarsu daidai da .com da .org, kuma kalmar da ke cikin wutsiya ba ta ƙara wa shafi matsayi ko ta rage. Uwar kamfanin ma, Alphabet, a abc.xyz take zaune.

Me ya sa makina ke ƙasa, in haka ne?

Saboda shafin sabo ne. Domain Rating na Ahrefs, Domain Authority na Moz da Trust Flow na Majestic duk awo ne na mahaɗan da gizonsu ya gani, kuma Google ba ta amfani da ko ɗaya a cikinsu. Shafin .com da aka kafa a 2005 ya yi shekaru yana tara mahaɗai daga jaridu da jami'o'i. Naka da aka haifa bara bai samu wannan lokacin ba. Ƙari a kan haka, gizo ya fi yawan komawa shafukan da suka riga suka yi suna, don haka mahaɗin da ƙaramin shafi ya ba ka kan ɗauki lokaci kafin ya bayyana.

Na ga mahaɗai da yawa daga wasu shafuka marasa kan gado masu sabuwar wutsiya. In damu?

Wasu wutsiyoyin ana sayar da su da arha sosai a shekarar farko, masu shara sai su kwashi sunaye da yawa su watsa mahaɗai. Manhaja tana iya yi musu jan tambari, amma wannan hasashenta ne. Ka buɗe shafin ka gani da idonka. Google ta ce tana yin watsi da mafi yawan irin waɗannan da kanta, don haka kada ka yi gaggawar cusa wutsiya sukutum cikin jerin da ake miƙa wa Google na mahaɗan da ka barranta da su. Za ka iya yanke mahaɗi nagari tare da na banza.

Idan na ƙaura daga .com zuwa sabuwar wutsiya fa?

Ka riƙe tsohon sunan, ka tura kowane shafi zuwa takwaransa da turawa ta dindindin mai lamba 301, ka sanar da Google ta kayan canjin adireshi da ke cikin Search Console, dandalin Google na masu shafuka. Mahaɗan da mutane suka rubuta suna nan a kan tsohon suna, don haka manhajoji za su daɗe suna nuna sabon kamar ba shi da kowa. A wannan tsakanin, rahoton mahaɗai na Search Console da yawan masu shigowa daga bincike su ne abin dubawa kowane mako.