Koyar da Jimlolin Turanci da Alamomin Rubutu a Makarantun Kaduna

Ire-iren jimla, ƙirar tambaya da alamomin rubutu sashe ne na darasin Turanci da ɗalibi a Jihar Kaduna yake soma haɗuwa da shi tun a firamare, kuma ba ya rabuwa da shi har ranar jarrabawar kammala sakandare. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 2004, ta tanadi a koyar da yara da harshen gida ko na yankinsu a shekaru uku na farko, sannan daga aji huɗu Turanci ya zama harshen koyarwa. Saboda haka yawancin yara da wani harshe a bakinsu suke shiga Turanci. A Kaduna galibi Hausa ce, domin ko 'ya'yan Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da ita suke cinikin kasuwa, a wasu unguwannin kudancin birnin kuma buroka, wato Turancin Pidgin, ta fi yawa. Akasarin kurakuran da malami yake zagayewa da jan biro daga nan suke tasowa, kuma suna da tsari.

Ire-iren jimla

Ta fuskar aiki, littattafan makaranta sun kasa jimla gida huɗu: ta bayani, ta tambaya, ta umarni, da ta motsin rai. Ta fuskar gini kuwa akwai sassauƙar jimla mai ganga ɗaya (ganga shi ne yankin magana mai ɗauke da mai aiki da aikatau, wato kalmar aiki), da harɗaɗɗiya wadda mahaɗi kamar "and" ko "but" yake ƙulla gangunanta, da sarƙaƙƙiya mai ganga tsayayye da ganga dogarau. Wannan rabe-raben bai cika ba ɗalibai wuya ba, tunda Hausa ma tana da shi. Abin da ke ba su wuya shi ne cikakkiyar jimlar Turanci sai da aikatau, alhali Hausa na da jimloli lafiyayyu da ba su da shi, irin su "Audu malami ne", "Akwai ruwa" da "Ga littafin". Yaron da ya rubuta "My father a driver" ƙa'idar harshensa ya bi.

Tambaya

Nan ne aikin ya fi kauri. Bahaushe ba ya taɓa jerin kalmomi idan zai yi tambayar da amsarta i ce ko a'a. "Musa ya tafi" da "Musa ya tafi?" kalmominsu ɗaya, murya ce kawai take sauyawa, wani lokaci a ƙara "shin" a farko ko "kuwa" a ƙarshe. Turanci kuwa sai an ciro mataimakin aikatau an kai shi gaban mai aiki: "He is coming" ta koma "Is he coming?" Idan jimlar ba ta da mataimaki, kuma aikataunta ba irin su "is" ko "was" ba ne, sai a aro "do", "does" ko "did". Buroka ma ba ta juya kalmomi, don haka ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha a rami ɗaya suke faɗawa, su rubuta "You have eaten?"

Da zarar ɗalibi ya koyi aron "did", sai sabon kuskure ya ɓullo: "Did you went?" A nan Hausa na iya zama tsani. A "ka tafi" da "za ka tafi", kalmar "tafi" ba ta motsa ba, abin da ya zo gabanta ne ya ɗauki lokaci. Haka "did" take ɗauke lokacin ta bar "go" a yadda take. Malamin da ya jera waɗannan a kan allo, Hausa a dama Turanci a hagu, ya fi wanda ya sa aji rera ƙa'ida sau ashirin cin nasara.

Kalmomin tambaya a farkon jimla suke zama a harsunan biyu: wa, me, ina, yaushe, yaya. Hausa ma takan sauya wani abu a bayansu, shi ya sa "Sun tafi" take komawa "Yaushe suka tafi?" Ke nan yaron ya riga ya san tambaya na da tata ƙira, abin da ya rage a nuna masa ta Turanci ita ce juyawa, kamar a "When did they leave?"

Sai tambayar tabbatarwa da ake liƙa wa jelar magana. Hausa "ko?" ɗaya ta ishe ta, ko "ko ba haka ba?", Turanci kuwa kowace jimla da tata: "She can read, can't she?" amma "They left, didn't they?" Shi ya sa ɗalibai suke kama "isn't it" su manna wa komai. Wadda ta fi su duka rikici ita ce amsar tambaya mai korewa. A ce wa yarinya "Ba ki ci abinci ba?" ta ce "I", ma'ana ba ta ci ba. In aka ce mata "Haven't you eaten?" ta ce "Yes", Bature ya ji ta ci. Wannan ba ya gyaruwa da bayani kaɗai, sai da yawan tambaya da amsa da baki, tare da tilasta cikakkiyar amsa: "No, I haven't." Tambayar da aka ba da labarinta kuma ba a juya ta, ba ta ɗaukar alamar tambaya: "He asked me where I was going."

Alamomin rubutu

Alamomin da Hausar boko take amfani da su tare da haruffan Latin suka shigo, don haka aya, waƙafi, alamar tambaya, alamar motsin rai, ruwa biyu, waƙafi mai ruwa da baka biyu kusan aiki ɗaya suke yi a harsunan biyu. Bambancin da ya kamata a tsaya a kansa biyu ne. Na farko ɗigon sama mai lanƙwasa. A Hausa sauti yake nunawa, kamar a "sa'a" da "'ya'ya". A Turanci mallaka yake nunawa, kamar "Musa's book", ko harafin da aka shafe, kamar "don't". Daga nan ake samun rikita "its" da "it's". Na biyu jerin ayyuka. "Ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci" Hausa ce tsantsa, amma idan aka kwashe ta zuwa Turanci da waƙafi zalla, ana maimaita "he", mai duba takarda kuskure zai ƙirga. Babban baƙi kuma dole ne a "I" da sunayen ranaku da watanni, abin da saƙonnin WhatsApp suke ƙara sa yara sakaci da shi.

Jarrabawa da horon malamai

Hukumar WAEC da aka kafa a 1952 da NECO ta 1999 duka suna ware maki a insha'i don tsabtar rubutu, wato nahawu, ƙa'idar rubuta kalma da alamomi, kuma ana zaftare shi da kowane kuskure. A sashen taƙaita labari ana son amsa cikin cikakkun jimloli, a na auna fahimta kuma akan ciro yanki a nemi sunansa na nahawu da aikinsa. Ba tare da kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a ba ta buɗuwa.

Jihar ba ta rasa wuraren horo ba: hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a 1976 tana Kaduna a kan hanyar Zariya, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga Jami'ar Ahmadu Bello. Duk da haka, a 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 cikin kusan 33,000 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba a gwajin da ta yi musu, lamarin da ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙalubalanta har da yajin aiki. Ban da ƙwarewar malami akwai cunkoso. Alamomin rubutu ba sa zama a hannu sai an yi rubutu an duba, kuma a aji mai cike maƙil malami ɗaya ba zai iya bin kowane littafi ba. Dabarar da ta fi dacewa da irin wannan aji ita ce gajeriyar shifta ta layi uku ko huɗu a kullum, ɗalibai su yi musayar littattafai, malami ya rubuta daidai a allo, kowa ya duba na maƙwabcinsa.