Waiwaye: Yadda Masoya Anime Suka Fara Sa Hannu a Zanen Gwanayensu

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya saba cin karo da su: bidiyo na daƙiƙa ashirin, an yanko Naruto ko Luffy, jaruman anime (fina-finan zane na Japan), an ɗora a kan kiɗa, hoto na sauyawa daidai da bugun ganga. Da yawa sun ɗauka wayar hannu ce ta kawo wannan yayi, alhali abin ya girmi intanet.

A watan Disamban 1975 aka ci kasuwar Comiket ta farko a Tokyo. Mutum kusan 700 ne suka hallara domin saye da sayar da littattafan da masoya suka zana da kansu, waɗanda Japanawa ke kira dojinshi. Sannu a hankali aron jaruman shahararrun manga (littattafan labari cikin zane na Japan), a ƙirƙira musu sabon labari, ya zama babban hajar kasuwar. Yau sau biyu take ci a shekara, kuma dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa. Rukunin matan nan masu zane da ake kira CLAMP ma da dojinshi suka fara kafin su yi suna.

Abin da ya ba wannan al'ada damar yin jijiya shi ne kau da kai. A dokar Japan, ba a gurfanar da mai irin wannan aro sai mai haƙƙin mallaka ya kai ƙara da kansa, kuma yawancin kamfanoni sun gane cewa mai zana jaruminka talla yake yi maka kyauta. A 2016 Firaminista Shinzo Abe ya faɗa wa majalisa cewa dojinshi ba sa gogayya da ainihin littattafan a kasuwa.

Na bidiyo kuwa, wanda aka fi ambata a matsayin na farko a Amurka aka yi shi. A 1982 wani ɗalibi, Jim Kaposztas, ya jona na'urorin kaset biyu, ya jera yankunan wani anime na yaƙin sararin samaniya a kan waƙar ƙungiyar mawaƙan Beatles. Daga baya YouTube ta zo a 2005, dandalin bidiyo na Japan mai suna Niconico a 2006, sai manhajar yanka bidiyo ta CapCut da ta sa aikin ya koma tafin hannu.

Amma a ganina arhar kayan aiki kaɗai ba ta isa dalili ba. Manga baƙi da fari ake buga shi, sau da yawa babi ɗaya duk mako, mai zane na tsere da lokaci. Shafin yakan bar wa mai karatu gurbi. Yarinya za ta ɗauki hoto guda ta kwana a kansa, tana gwada wane ja ne ya dace da jini, ta ina hasken fitila zai sauka a kumatu, ta ɗan motsa gashin kai kamar iska ta kaɗa shi. Haka ma labarin da ya haura kashi 1,000 kamar One Piece: mai yanka bidiyo yana tsamo daƙiƙar da ta sa shi hawaye ya miƙa wa wanda bai taɓa kallo ba, shi kuma ya tafi neman sauran.

Inda abin ke damuna shi ne sunan mai zane da ke ɓacewa a hanya. Babban kamfani ba ya jin komai idan an yanki fim ɗinsa, amma ƙaramin mai zane da ya ɗora aikinsa a Pixiv, dandalin masu zane na intanet, yakan wayi gari ya ga an goge sa hannunsa, wani na kwasar yabo. Shi ya sa da yawansu suke rubuta roƙo a saman shafinsu, har da Turanci domin baƙi su gane, cewa kada a sake ɗora zanensu ba da izini ba.