Majigi ko talabijin: nuna taswira a wasannin tebur

Nuna taswira da na'ura dabara ce da masu wasannin tebur suke bi don maye gurbin taswirar takarda da hoto mai haske a kan teburin da suke wasa. Hanya biyu ce ta shahara. Ko dai a rataye majigi a sama ya hasko taswirar zuwa ƙasa, ko kuma a kwantar da talabijin mai shafaffen allo rigingine a tsakiyar tebur, a jera 'ya'yan wasa, wato ƙananan mutum-mutumin da ke wakiltar jaruman wasan, a kan gilashinsa. Kowace hanya tana karɓar hoton ne daga kwamfuta ta wayar HDMI. A Legas, inda wutar lantarki da zafi da ƙuncin ɗaki suke da ta cewa a kan duk abin da mutum zai saya, zaɓi tsakanin biyun ya sha bamban da yadda ake yin sa a Turai ko Amurka.

Asalin buƙatar taswira

Wasan yaƙi a kan taswira tsohon abu ne. A 1824 rundunar sojan Furushiya ta karɓi wani wasan horar da hafsoshi da ake yi a kan taswirar ƙasa. Wasannin labari na zamani kuwa sun samo tushe daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A irin wannan wasa mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, sauran kuma kowa yana riƙe da jarumi guda. Idan aka zo faɗa sai a shimfiɗa taswira mai gida-gida kamar allon dirafti. Kowane gida inci ɗaya ne a kan tebur, amma a cikin labarin yana matsayin ƙafa 5. Wannan ma'auni na inci ɗaya shi ne ginshiƙin duk lissafin da zai biyo baya, domin gindin ɗan mutum-mutumin wasa na yau da kullum faɗinsa kusan inci ɗaya ne, kuma dole gidan da ke kan allo ya yi daidai da shi.

Manhajoji irin su Fantasy Grounds, da Roll20 da aka buɗe a 2012, da Foundry na 2020, su suka sauƙaƙa nuna taswirar a allo. Babbar fa'idarsu ita ce jagora yana iya rufe taswirar da duhu, ya riƙa yaye ta kaɗan-kaɗan yayin da jaruman ke kutsawa, abin da takarda ba ta iya yi sai da wahala. A Najeriya waɗannan wasanni ba su kai dara ko ludo ko kati karɓuwa ba, amma suna samun masoya. Kamfanin NIBCARD Games na Abuja ma ya ci lambar yabo ta Diana Jones a 2021 saboda aikinsa na yaɗa wasannin tebur.

Majigi

Bahaushe ya daɗe da sanin majigi. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake yawo da shi gari-gari ana haska fim a fili da dare, kuma har yau shi ne abin da manyan gidajen kallon ƙwallo ke amfani da shi. Abin da ya sa ake son sa a teburin wasa shi ne girman hoto: da na'ura ɗaya za a iya cika tebur mai ƙafa 6 a tsawo da 4 a faɗi, irin wanda masu wasan yaƙi na Warhammer suka saba da shi. Ga kuma teburin ya zauna a matsayinsa na tebur. Ana iya aza kofin shayi, a jefa dayis, a gina tuddai da katangu na roba, ba tare da tsoron fasa komai ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ma'aunin jifa, wato nisan majigi daga tebur idan aka raba shi da faɗin hoton. Majigin ofis na yau da kullum ma'auninsa yana kusa da 1.5. Misali, a ɗakin da silin ya kai mita 2.8, tebur ya ci santimita 75, jikin majigin da marataya suka ci 30, abin da ya rage mita 1.75 ne, wanda zai ba da hoto mai faɗin mita 1.2 ko ƙasa da haka kaɗan. Nan ne zaman tabarma ke da riba. Waɗanda suka saba zama a ƙasa, kamar yadda ake yi a yawancin majalisun Hausawa, za su iya haska taswirar a kan farin kyalle a daɓe, nisan ya zama mita 2.5, hoton ya kusan kai mita 1.7. Akwai majigi mai gajeren jifa, wanda ma'auninsa ke kusa da 0.5, yana ba da hoton mita 1.2 daga nisan santimita 60 kacal, sai dai ya fi tsada.

Matsalolinsa ba ƙanana ba ne. Duk hannun da aka miƙa kan taswira sai ya yi inuwa, kuma hoton yana sauka a kan 'ya'yan wasan kansu ya canza musu launi. Haske kuma kishiyar majigi ne. Wasan da za a yi da hantsi ranar Asabar yana buƙatar a rufe tagogi da labule mai kauri, wanda duk ya zauna a ɗakin Legas a watan Maris ya san irin zafin da hakan ke jawowa. Ana auna ƙarfin hasken majigi da wani ma'auni da ake kira lumen na ANSI, kuma nan ne ake yawan yaudarar mai saye: ƙananan majigogi masu araha sukan ɗauki lambar dubban lumen a jikin kwali alhali haskensu na gaskiya 'yan ɗaruruwa ne, wasu kuma a rubuta 1080 a kansu, wato lambar kaifin hoto, alhali suna karɓar irin wannan hoto ne kawai su rage shi. Sannan yawancin majigogi masu ƙwan fitila ba a ƙera su don su kalli ƙasa tsaye ba, saboda iskar da ke sanyaya ƙwan ba ta zagayawa daidai a haka. Shi ya sa wasu ke ajiye majigin a kwance su sa madubi a karkace ya juyo da hoton ƙasa. Ɗan haya kuma sai ya nemi yardar mai gida kafin ya huda silin.

Talabijin a kwance

A kasuwa kowane talabijin mai shafaffen allo filasma ake ce masa, amma kusan duk na yanzu LED ne, kuma hakan ya fi, don filasma ta ainihi ba a kwantar da ita. Lambar incin talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna ta. Mai inci 32 yana ba da gida 27 a tsawo da 15 a faɗi, mai inci 43 gida 37 da 21, mai inci 55 kuma gida 47 da kusan 27. Mai inci 43 ya ishi mafi yawan faɗace-faɗacen da mutum huɗu ko biyar za su yi, kuma yana barin gurbi a gefen tebur na takardu da dayis. Hotonsa ya fi na majigi kaifi: fiksil 1920, wato ɗigogin da ke haɗa hoto, a kan inci 37 da rabi yana ba da kusan 51 a kowane inci, alhali fiksil ɗin nan idan aka baza su a tebur mai ƙafa 6 ba su kai 27 ba.

Tunda mutane kewaye allon suke yi suna kallonsa a karkace, irin allon yana da muhimmanci ƙwarai. Allon IPS yana riƙe launinsa daga gefe, na VA kuwa yana kodewa. Allon OLED ya fi kowanne kyau, amma hoton da ya daɗe bai motsa ba yana iya barin tabo a jikinsa, taswira kuwa takan yi awanni a wuri ɗaya.

Talabijin an ƙera shi ne don ya tsaya, zafi ya riƙa fita ta sama. Idan aka kwantar da shi a cikin akwatin katako, dole kafinta ya bar fili a ƙarƙashin akwatin, a sa ƙananan fankokin kwamfuta, a kuma tallafe bayansa kada ya lotsa. Ana rufe allon da farantin roba mai kama da gilashi don kare shi daga karce da zubewar ruwa. Farantin ya zama siriri kuma ya kusanci allon, in ba haka ba wanda ke zaune a gefe zai ga ɗan wasansa kamar ya goce daga gidansa. Ƙwan fitilar da ke saman tebur kai tsaye yana ƙyalli a kan farantin, gara a mayar da fitilar gefe.

Wuta, ƙura da kasuwa a Legas

A nan ne ma'aunin ke rinjaya wajen talabijin. Majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 350, talabijin LED mai inci 43 kuwa yawanci bai kai wat 100 ba. Kuɗin mita ba shi ne abin damuwa ba: ko da farashin naira 225 a kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024, zaman awa 4 da majigi mai wat 300 naira 270 ne. Damuwar tana wajen inbata. Batirin gubar mai bolt 12 da amfiya 200 yana ba da kusan yunit 1.2 idan ba a so a kassara shi, wato daidai abin da majigin zai lashe a zama ɗaya, ba a ma yi maganar fanka da kwamfuta ba. Ɗauke wuta kwatsam kuma yana cutar da ƙwan majigi, domin fankarsa tana buƙatar ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi, don haka sai an haɗa shi da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Ƙwan yakan yi awa dubu 3 zuwa dubu 6, majigin LED ko na leza kuwa yakan kai awa dubu 20 kuma ya fi jure yankewar wuta. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe matatar iskar majigi, sai an riƙa share ta.

Majigi yana cin nasara a wuri biyu: wasan yaƙi mai faffaɗan fage da gine-gine a kai, da kuma taron da ya wuce mutum shida a falo ko zaure da dare. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke ɗakin haya a Agege, Idi-Araba ko Obalende, talabijin a akwatin katako ya fi dacewa, kuma bayan wasa ana iya jingine shi a kalli labarai.

Ana samun duka biyun, sabo da na hannu, a Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba International da ke Ojo. Mai sayen majigi na hannu ya buɗe saitinsa ya duba awannin da ƙwan ya riga ya yi, ya kuma tambayi ko ana samun ƙwansa a kasuwa. Mai sayen talabijin kuwa ya sa a kunna masa farin hoto don ya ga ko akwai layi ko tabo, sannan ya koma gefe ya durƙusa ya kalli allon a karkace, domin daga nan abokan wasansa za su riƙa ganinsa.