Wa zai ci zaɓe? Waiwaye kan masu hasashe da ranakun da suka ji kunya

Da zarar zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, kasuwar masu hasashe ce ke fara ci, tun ba a buga takardar ƙuri'a ba. Wannan ya fito da alƙaluma, wancan da taswira mai launi biyu, wani kuma ya rantse ya maya cewa gwaninsa ya gama lashewa, bikin rantsarwa kawai ake jira. Sana'ar ta tsufa. A Amurka, inda ta fi yin rassa, ta kai shekara 200, kuma wanda ya bi sawunta zai tarar kusan rami ɗaya ake ta faɗawa.

A 1824 wata jarida a jihar Pennsylvania ta buga sakamakon ƙuri'ar gwaji da aka kaɗa a garin Wilmington na jihar Delaware, inda Andrew Jackson ya zo kan gaba. Ya kuwa fi kowa ƙuri'u a zaɓen gaske, amma bai samu rinjayen da tsarin mulki ya gindaya ba a cikin wakilan zaɓe, wato waɗanda jihohi ke turawa su zaɓi shugaba, sai majalisar wakilai ta miƙa wa John Quincy Adams kujerar. Tun daga nan aka ga cewa sanin wanda jama'a suka fi so daban, sanin wanda zai hau mulki daban.

Wadda ta mayar da abin babbar harka ita ce mujallar Literary Digest. Daga 1916 zuwa 1932 ba ta taɓa kuskuren wanda zai ci ba, zaɓe biyar a jere. Da 1936 ta zo sai ta aika katin ƙuri'a kusan miliyan 10 ta gidan waya, sama da miliyan 2 suka dawo. Ma'aikata suka duƙufa suna ƙirga kati ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe mujallar ta shelanta cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin 100. Ranar zaɓe Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48, ya bar wa Landon Maine da Vermont. Ina aka samu matsala? Sunayen da aka aika wa katin, daga littafin lambobin tarho da rajistar masu mota da jerin masu sayen mujallar aka tsamo su. A shekarun da tattalin arziki ya durƙushe, mai tarho da mota ai mai hali ne, talakan da ya rasa aiki yake kallon Roosevelt a matsayin mai ceto kuwa ba wanda ya tambaye shi. Ƙari a kan haka, masu jin haushin gwamnati sun fi zafin naman mayar da katin. Ba a rufa shekara biyu ba mujallar ta mutu.

A zaɓen ne tauraron George Gallup ya haska. Mutanen da ya tambaya ba su kai ko kusa da na mujallar ba, amma ya faɗi daidai cewa Roosevelt ne zai ci. Hujjarsa mai sauƙi ce: likita ba ya zuƙe jinin mutum duka don ya gano cuta, ɗan kaɗan ya isa, muddin ɗan kaɗan ɗin ya yi kama da sauran. Sai ya riƙa raba wa masu yi masa tambayoyi kaso: maza kaza, mata kaza, 'yan birni kaza, 'yan ƙauye kaza.

Shekara 12 ya yi yana cin karensa babu babbaka. A 1948 shi da takwarorinsa Elmo Roper da Archibald Crossley duk suka ce Thomas Dewey zai kori Harry Truman daga fadar White House. Roper ma tun watan Satumba ya ce magana ta ƙare. Jaridar Chicago Daily Tribune ta kasa haƙurin jiran ƙidaya, ta buga da manyan baƙaƙe cewa Dewey ya kayar da Truman, alhali Truman ne ya ci. Hoton Truman a tashar jirgin ƙasa ta St. Louis, ya ɗaga jaridar sama da hannu biyu, baki har kunne, har yau ba a daina nuna shi ba. Laifi biyu aka gano. An daina tambaya da wuri alhali mutane na canza ra'ayi, sannan mai tambaya da aka bar wa zaɓin wanda zai tsayar a titi yakan nufi mai tsaf-tsaf da unguwa mai daɗin shiga. Daga nan aka koma zaɓar mutane ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa zai iya faɗowa ciki.

Akwai kuma waɗanda suka ce a daina tambayar kowa. A 1981 masanin tarihi Allan Lichtman ya haɗa kai da Vladimir Keilis-Borok, ɗan Tarayyar Sobiyet da ya ƙware a hasashen girgizar ƙasa, suka fitar da ma'aunai 13: halin tattalin arziki, abin kunya a gwamnati, tarzoma, nasara ko faɗuwa a ƙetare, kwarjinin ɗan takara da sauransu. In shida suka juya wa jam'iyya mai mulki baya, ta faɗi. Dabarar ta yi ta dacewa shekara da shekaru, ko da yake an yi ta jayayya kan 2000, lokacin da Lichtman ya ce Al Gore, wanda ya fi ƙuri'u amma bai hau mulki ba. A 2024 ya ce Kamala Harris, wannan kam babu jayayya, kuskure ya yi.

Wani lokacin hasashen da kansa ke sauya sakamako. A Faransa a 2002 kowa ya sakankance Jacques Chirac da Lionel Jospin ne za su kara a zagaye na biyu. Da yake 'yan takara 16 ne, magoya bayan ɓangaren Jospin da dama suka ba ƙananan 'yan takara ƙuri'unsu, wasu suka yi zamansu a gida, da niyyar sai zagaye na biyu. Ranar 21 ga Afrilu Jean-Marie Le Pen ya sha gaban Jospin da ƙuri'un da ba su kai 200,000 ba.

Zamanin intanet ya kawo masu tattara sakamakon ƙuri'un jin ra'ayi da yawa su auna su wuri guda. Nate Silver ya dace a jihohi 49 cikin 50 a 2008, ya dace a duka 50 a 2012, har aka fara yi masa kallon mai duba. A 2016 ya ba Donald Trump damar da ta kusa kashi 30 cikin 100, wasu suka ce ya cika tsoro. Sam Wang na Jami'ar Princeton ya ba Hillary Clinton kashi 99, ya kuma yi alƙawarin cin ƙwaro in Trump ya wuce wakilai 240. Ya cika alƙawari, ya haɗiye gyare a tashar CNN. A nan ina ganin an zalunci Silver da aka haɗa shi da sauran: abin da aka ce zai faru sau uku cikin goma, in ya faru ba ƙarya aka yi ba. Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3 a faɗin ƙasa, amma Wisconsin da Michigan da Pennsylvania suka kuɓuce mata da ratar da jimillarta ba ta kai 80,000 ba. Da aka bincika sai ga tsohuwar cutar 1936 cikin sabuwar riga: masu digiri sun fi amsa tambayoyi, kuma yawancin binciken jihohi bai gyara wannan giɓin ba.

Giɓin kuwa ƙara faɗi yake. Cibiyar Pew ta ce a 1997 kashi 36 cikin 100 na gidajen da take nema ta tarho suna amsawa, zuwa 2018 ya koma kashi 6. Ratar kuskure ta maki uku da ake rubutawa a ƙasan binciken mutum 1,000 ba ta san da waɗanda suka ƙi ɗaga waya ba. Shi ya sa wasu suka koma kallon kasuwar caca, wadda ita ma ba sabuwa ba ce, don ko a 1916 an zuba maƙudan kuɗi a New York kan zaɓe. A 2024 farashin dandalin Polymarket ya karkata ga Trump alhali ƙuri'un jin ra'ayi na nuna kunnen doki, sai dai mai kuɗi guda na iya jan farashin inda ya so.

Ana saura kwana uku a yi wannan zaɓen, Ann Selzer, wadda ta yi suna da dacewa a jihar Iowa, ta fitar da sakamakon da ya ba Harris 47, Trump 44. Ita a lokacin ba ta gyara alƙalumanta bisa wanda mutum ya zaɓa a baya, kamar yadda abokan sana'arta da yawa suka koma yi. Abin da masu amsa waya suka gaya mata shi ta buga. Trump ya ci Iowa da ratar maki 13, kuma kafin shekarar ta fita ya maka ta a kotu, ita da jaridar da ta buga sakamakon.