Mene ne `__file__` a Python?

Duk wanda ya taɓa rubuta shirin Python mai aiki da kansa ya san wannan ciwon kai. Shiri yana tafiya lafiya lau a hannunka, ka ɗora shi a cron, manhajar da ke tada shirye-shirye a kan lokaci a Linux, ya riƙa tashi da asuba, sai kawai ya ce bai ga fayil ba. Fayil ɗin kuwa yana nan inda ka ajiye shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan ka rubuta `open("saiti.json")`, Python ba ta leƙa foldar da shirin yake ciki. Foldar da aka tsaya lokacin da aka tada shi take dubawa. Cron yana tashi ne daga foldar gida ta mai asusun. Task Scheduler, takwaransa na Windows, kuma, in ba ka faɗa masa inda zai fara ba, yakan fara daga `C:\Windows\System32`. Kamar ka yi wa baƙo kwatance ta waya ka ce "gida na uku daga nan", alhali ba ka san inda yake tsaye ba.

Abin ya fi cakuɗewa idan wani fayil ya jawo wani ta `import`. Wanda aka jawo ba shi da matsayar kansa, ta babban shirin yake ara. Ko `sys.argv[0]`, mai riƙe da sunan shirin da aka tada, ma babban shirin yake nunawa.

A nan `__file__` ke shigowa. Suna ne da Python ke ba kowane modul (wato guntun shiri da ake iya jawowa ta `import`) da ta ɗauko daga fayil, yana riƙe da adireshin wannan fayil ɗin kansa, ko wa ya kira shi. Don haka a cikin modul ɗin sai ka rubuta:

`Path(__file__).resolve().parent / "saiti.json"`

Daga ko'ina aka tada shirin, zai sami kayansa, domin wannan layin foldar da modul ɗin yake ciki yake dubawa. `Path` ɗin daga `pathlib` yake, wanda ya shigo tun Python 3.4 a 2014.

Wasu suna gyara matsalar da `os.chdir()`. Ni ban yarda da shi ba, domin yana sauya matsayar shirin gaba ɗaya, ka gyara wa modul ɗaya ka ɓata wa sauran ba tare da sun sani ba.

Sai dai `__file__` ba ya nan a cikin Jupyter, manhajar da ake rubuta Python a gwada guntu-guntu, haka ma in kana buga umarni kai tsaye a Python. Idan kuma kayanka na iya ƙarewa a ƙunshe cikin zip, `importlib.resources` ya fi dacewa. Ya zo a Python 3.7, aka ƙara masa `files()` a 3.9.