Waiwaye: Yadda karatu daga gida ya taso daga gidan waya ya koma wayar hannu

Tun kafin Najeriya ta mallaki jami'a ko ɗaya, akwai 'yan ƙasar da suka yi digiri ba su taka ƙofar aji ba. Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga ɗaliban waje tun 1858, kuma akawu da malaman makaranta a Legas da Ibadan sun riƙa biyan makarantun wasiƙa na Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. A aiko wa mutum darasi ta gidan waya, ya amsa tambayoyi ya mayar, ya zauna jiran jirgin ruwa ya dawo masa da maki. Ta haka Cif Obafemi Awolowo ya samu digirinsa na farko a fannin kasuwanci a 1944, shekara huɗu kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan.

Masu wannan karatu ba yara ba ne. Magidanta ne masu aiki, waɗanda idan suka ajiye aikin tukunyar gidansu za ta daina tafasa. Har gobe su ne ƙashin bayan karatu daga gida, kuma duk wanda ya manta da su ba zai gane abin da intanet ta canza da abin da ta bari yadda yake ba.

A Arewa, ƙarancin malamai ne ya kawo tsarin. A 1976 gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika azuzuwa maƙil, malamai masu horo ba su isa ba, aka riƙa ɗaukar duk wanda ya iya riƙe alli. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin a horar da malami yana kan aikinsa. Ana ba shi littattafan darasi ya karanta a gida, ƙarshen mako da lokacin hutu ya je cibiya ya haɗu da mai koyarwa. Da takardar malanta mai daraja ta biyu aka fara, daga baya aka ƙara da NCE. Malaman ƙauye da dama, musamman matan aure da ba za a bari su tafi kwaleji su kwana ba, ta wannan ƙofa suka shiga.

Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969, tana koyarwa ta rediyo da talabijin da wasiƙa, kuma ita Najeriya ta so kwaikwaya. Shugaba Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya sa hannu kan dokar kafa Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, a watan Yulin 1983. Ba ta shekara ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita, kuma haka ta kwanta har sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, ƙarƙashin Farfesa Olugbemiro Jegede. A ganina wannan na cikin manyan asarorin da ilimin ƙasar nan ya yi ba a cika ambatonsu ba. Kusan shekara ashirin ke nan, a daidai lokacin da masu neman gurbi suka fi ƙarfin jami'o'i, kuma wanda ya rasa gurbi ba shi da inda zai nufa.

Dawowarta ta zo daidai da shigowar wayar salula a 2001. Sannu a hankali NOUN ta kwashe harkokinta ta zuba a intanet: rajista, biyan kuɗi, littattafan kwas da ake saukewa kyauta, aikin gida da ɗalibai ke kira TMA, da jarrabawar kwamfuta ga 'yan aji ɗaya da aji biyu. A zamanin Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano da ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, ta tare a hedkwatarta ta Jabi a Abuja. Yau tana da cibiyoyi sama da 100, har da na cikin gidajen gyaran hali irin su Kuje da Kirikiri, inda fursunoni ke karatu kyauta. Obasanjo kansa a nan ya yi digirin digirgir a ilimin addinin Kirista.

Sai dai sauƙin samun darasi daban, yarda da takarda daban. A nan ne gumurzun yake. A 2015 majalisar da ke kula da horar da lauyoyi ta sanar cewa waɗanda suka karanta shari'a a NOUN ba za su shiga Makarantar Lauyoyi ba, domin a wurinta karatun lauya na cikakken lokaci ne. Ɗalibai da dama sun riga sun gama, wasu sun kashe abin da suka tara na shekaru. Haka nan a lokacin waɗanda suka kammala ba a tura su yi wa ƙasa hidima, takardar keɓewa ake ba su. A watan Disambar 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran dokar jami'ar, daga baya kuma aka buɗe wa tsofaffin ɗaliban shari'ar wani shirin share fage na musamman na shiga Makarantar Lauyoyi. Lauyoyin suna da hujja: tsayuwa gaban alƙali da yi wa shaida tambayoyi abu ne da ake koya a gaban manya. Amma kamata ya yi hukumomin su daidaita a tsakaninsu kafin a karɓi kuɗin ɗalibi na farko, ba bayan ya sa rigar yaye ba.

Annobar korona ce ta sa masu raina tsarin suka dawo suna nemansa. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu. Jami'o'in kuɗi suka koma Zoom cikin 'yan makonni, na gwamnati kuwa suna cikin yajin aikin ASUU da ya kai wata tara. A jihohi irin su Kano da Kaduna, rediyo da talabijin aka koma domin koyar da yaran firamare da sakandare, domin rediyo ce ke kowane gida. A 2022 aka sake yajin wata takwas, kuma ɗaliban NOUN suka ci gaba da karatunsu. Shekara guda bayan haka hukumar jami'o'i ta ba da lasisi ga buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu, ciki har da Miva da Al-Muhibbah a Abuja da Iconic a Sakkwato. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyarta ta karatu daga nesa.

Wajen ma'aikata canjin ya fi fitowa fili. Likita da ma'aikaciyar jinya ba sa sabunta lasisi sai sun nuna sun ƙara ilimi. Da, sai a bar asibiti a yi tafiya zuwa babban birni, a biya mota da masauki. Yanzu wani ɓangare na wannan horo ta waya ake yin sa. Ka ɗauki ma'aikaciyar jinya a asibitin karkara da ke son digiri. Ta tashi daga aikin dare, ta biya ta wurin mai caji ta karɓi wayarta, ta nemi kusurwar da sabis ke kamawa, ta sauke darasin da za ta saurara tana girki. Albashinta bai tsaya ba, marasa lafiya ba su rasa ta ba, 'ya'yanta suna gabanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma neman jijiya a hannun jaririn da ruwa ya ƙare a jikinsa, ko karɓar haihuwar da ta zo da gardama, sai da babba a tsaye a kanta. Duk makarantar da ta rage wannan ɓangare don ta tara ɗalibai, da ran mutane take wasa.

Sai batun kuɗi da sabis. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, alhali masu intanet mai ƙarfi ba su kai rabin 'yan ƙasa ba a lokacin. A watan Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, duk ɗalibin intanet da ke can an rufe masa makaranta ba da sanarwa ba. Na'urar kanta ma tana tuntuɓe: JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kuma a 2025 tangarɗa ta sa kusan ɗalibai 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas sun sake zama.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne gaskiyar aikin da ake miƙawa. An daɗe ana sayar da amsoshin aikin gida a shagunan intanet da zaurukan WhatsApp. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsa, ta fito a ƙarshen 2022, ko ɗan wannan kuɗi ba sai an biya ba. Malamin da bai taɓa ganin fuskar ɗalibinsa ba, da wuya ya san wa ya rubuta abin da ke gabansa, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne mai ƙoƙarin da ya hana idonsa barci, domin mai ɗaukar ma'aikata zai yi wa takardunsu kuɗin goro. Shi ya sa jarrabawar da ake zuwa cibiya a zauna a gaban mai sa ido ba abin yarwa ba ce. Kamata ya yi hukumar jami'o'i ta bi sababbin makarantun da ta ba lasisi ta ga yadda suke yin tasu, tun kafin rukunin farko na ɗalibansu su bazu neman aiki.